DA RARRAFE YARO KAN TASHI: Yaushe Za A Yi Haƙuri, Yaushe Za A Tafi Asibiti?

 

Kwanakin baya mun kai ziyara wani ajin yaƙi da jahilci na mata a ƙasar Gwaram. Da aka tashi daga karatu, sai wata ɗaliba ta matso da yaronta a goye, ta gaishe mu, ta ce: "Malam, ina da tambaya. Yaron nan watansa goma sha huɗu, har yanzu bai fara tafiya ba. Ɗan kishiyata da na riga ta haihuwa da wata biyu, ga shi can yana gudu a tsakar gida. Uwar mijina ta ce hannu aka sa masa. Ni kuwa ko barci ba na iya yi."

Muka ce ta sauke shi. Yaro ya dafa bencin aji ya miƙe, ya bi gefensa yana takawa yana dariya. Muka ce mata ta kwantar da hankalinta, wannan yaro yana kan hanya, lokacinsa ne bai yi ba.

A wannan aji kuma akwai wata baiwar Allah da ba ta ce komai ba. 'Yarta ta kai wata goma, amma wuyanta bai tsaya ba, ba ta zama, hannunta ɗaya kullum a dunƙule. Ita ce muka roƙa da ta kai yarinyar asibiti cikin wannan mako.

To, kun ga uwa biyu. Ta farko tana cikin damuwa alhali babu abin damuwa. Ta biyu ta yi shiru alhali lokaci yana ƙure mata. Saboda irinsu muka ga ya dace a wannan wata mu yi bayani a kan yadda yaro ke koyon zama da tsayuwa da tafiya.

KOWANE YARO DA LOKACINSA

Ƙarfin jikin jariri daga sama yake farawa ya gangaro ƙasa. Wuya ne ke fara tsayawa, wajen wata 3 zuwa 4. Daga nan sai baya ya yi ƙwari, yaro ya zauna. Sannan ƙugu da gwiwoyi, ya yi rarrafe ya dafa ya miƙe. A ƙarshe ƙafafu su ɗauke shi. Ƙwaƙwalwa ce ke ba da umarni, jijiyoyi su kai saƙo, tsoka da ƙashi su yi aiki. Kamar ginin ɗaki ne, sai tushe ya bushe ake ɗora bango.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi girman yara lafiyayyu 816 a ƙasashe biyar, wato Gana da Indiya da Nowe da Oman da Amurka, ta fitar da sakamako a shekarar 2006. Ga abin da aka gano:

Zama ba tare da jingina ba: daga wajen wata 4 zuwa wata 9.
Tsayuwa da dafa wani abu: daga wata 5 zuwa wata 11.
Rarrafe: daga wata 5 zuwa wata 13.
Takawa da dafa bango ko riƙe hannu: daga wata 6 zuwa wata 14.
Tsayuwa shi kaɗai: daga wata 7 zuwa wata 17.
Tafiya shi kaɗai: daga wata 8 zuwa kusan wata 18.

Ku lura da faɗin tazarar. Wani yaro ya yi tafiya yana wata 9, wani sai ya kai wata 16, kuma dukansu lafiyarsu ƙalau. An ma tarar cewa wajen yara 4 cikin 100 ba su yi rarrafe ba sam. Wasu jan gindi suke yi, daga nan sai su miƙe. Yatsun hannu ma ba tsawonsu ɗaya ba. Don haka a daina gwada yaro da ɗan maƙwabta ko ɗan kishiya.

Idan yaro bakwaini ne, a yi masa rangwamen watannin da bai cika a ciki ba. Wanda aka haifa saura wata biyu, in ya kai wata 8 a duba shi kamar ɗan wata 6.

ABIN DA ZA A YI A GIDA

Taimakon yaro ba ya bukatar kuɗi. Tabarma mai tsabta da ɗan lokaci sun isa.

Na farko, a riƙa sauke shi daga baya. Goyo abu ne mai kyau. Yana sa yaro ya natsu, yana jin ɗumin uwarsa, ita kuma ta sami damar yin aiki. Amma yaron da ya wuni a ɗaure da zane da majanyi ba ya samun damar motsa jikinsa. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa kada ƙaramin yaro ya wuce awa ɗaya a ɗaure wuri guda a lokaci ɗaya, ko da a bayan mai goyo ne. In an gama daka ko an dawo daga rijiya, a kwance shi, a shimfiɗa tabarma a inuwa, a bar shi ya yi wutsil-wutsil.

Na biyu, a riƙa kifa jariri a kan cikinsa idan idonsa biyu, kuma wani babba yana kusa. Ƙoƙarin ɗaga kai da yake yi shi ne ke ƙarfafa wuya da kafaɗu da baya. A fara da minti biyu ko uku, a riƙa ƙarawa, har a tara kamar minti 30 a yini. Amma in zai yi barci, a kwantar da shi rigingine, domin kwanan rub da ciki yana da haɗari ga jariri.

Na uku, a ba shi abin da zai miƙa hannu ya kama. Ludayi, ƙaramar ƙwarya, murfin kwano, ko gwangwani mai tsabta da aka zuba wa tsakuwa aka toshe bakinsa da kyau. A ajiye abin ɗan nesa kaɗan da shi don ya yi yunƙurin isa gare shi. Kada a ba shi abin da zai iya haɗiyewa, kamar ƙwayar gyaɗa ko kwabo ko dutsen ado.

Na huɗu, zaunar da yaro. Iyayenmu mata kan zaunar da jariri cikin daro ko kwali, a kewaye shi da tsummoki. Babu laifi idan wuyansa ya riga ya tsaya, kuma na ɗan lokaci ne. Amma kada a bar shi a ciki har ya gaji ya langaɓe.

Na biyar, tatata. Riƙe hannun yaro ana yi masa tatata wasa ne mai amfani idan ya riga ya fara dafawa yana miƙewa da kansa. Haka nan keken katako mai ƙafa uku da kafintocinmu ke yi, wanda yaro ke turawa. Sai dai a kiyayi keken roba na kanti wanda ake zaunar da yaro a ciki ƙafafunsa na reto. Ba ya sa yaro saurin tafiya, kuma yakan kai shi ga murhu ko tukunyar ruwan zafi kafin a ankara. Ƙasar Kanada ta hana sayar da irinsa tun shekarar 2004 saboda yawan raunin da yara ke ji.

Na shida, idan ya fara tafiya a bar shi ya taka ƙasa ba takalmi a wurin da aka share, babu ƙaya babu kwalba. Tafin ƙafa yana koyon riƙe ƙasa. Faɗuwa kuma dole ce, kada a tsorata shi da ihu. Abin da ya wajaba shi ne a rufe rijiya, a kange murhu, a ɗauke kalanzir da maganin feshin gona daga inda hannunsa zai kai, a kuma sa ido a kan kududdufi da damina.

Yaron da ya wuce shekara ɗaya yana bukatar aƙalla awa 3 na wasa da motsi a yini. Wasanninmu na gargajiya makaranta ce babba. Langa tana koyar da tsayuwa da ƙafa ɗaya. Gaɗa tana haɗa tafi da tsalle. Carafke yana gyara yatsu da ido. Ginin ɗaki da laka, ɓarar gyaɗa, da zane a ƙasa da tsinke, su ne ke shirya hannu ya riƙe alƙalami a makarantar allo da fensir a firamare. Kada wayar hannu ta maye gurbinsu. Yaron da bai kai shekara 2 ba, ba shi da bukatar kallon waya.

ABINCI SHI NE TUSHE

Jikin da ba shi da abinci ba ya da ƙarfin tashi. Yaro mai tamowa yakan yi jinkirin zama da tafiya. A ba jariri nonon uwa zalla har wata 6. Daga nan a fara ba shi kunu mai kauri, a ci gaba da shayarwa har shekara 2. Kada kunun ya zama gero da ruwa kawai. A haɗa da garin gyaɗa ko waken suya ko wake, a sa ɗan manja ko man gyaɗa. A ba shi ƙwai da kifi da dafaffen zogale da miyar kuka. Duk waɗannan muna da su a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram.

Ƙashi yana bukatar wani sinadari da ake kira kalsiyam, da kuma bitamin D wanda jiki ke samu daga hasken rana. Idan suka yi ƙaranci, ƙashin yaro yakan yi taushi, ƙafafu su lanƙwashe, wuyan hannu ya kumbura. Wani bincike da aka yi a Jos, aka buga a shekarar 1999, ya nuna cewa a ƙasarmu rashin kalsiyam a abinci shi ne babban dalilin wannan ciwo. Ana samun kalsiyam a madara da nono da kindirmo, da ƙananan kifi da ake dakawa da ƙayarsu, da riɗi, da kuka. Maigida, kafin a kai duk nonon da aka tatsa kasuwa, a rage wa yara. A kuma riƙa fito da su tsakar gida su sha hantsi.

ABUBUWAN DA KAN TSORATA IYAYE ALHALI BA CIWO BA NE

Ƙafa kamar baka. Yawancin yara da suka fara tafiya ƙafafunsu sukan ɗan buɗe. Yakan gyaru da kansa wajen shekara 2.

Gwame. Daga shekara 3 zuwa 4 gwiwoyin yara da yawa sukan haɗu. Shi ma yakan miƙe wajen shekara 7.

Shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa. Haka ƙafar ƙananan yara take, ramin tafin yana fitowa daga baya.

Tafiya da ɗage. Sabon mai tafiya yakan taka da yatsu wani lokaci. In yana iya sauke diddigensa ƙasa, babu damuwa.

Bahago. Wajen mutum 1 cikin 10 bahago ne. Halitta ce daga Allah. A koya masa cin abinci da gaisuwa da dama cikin lallashi, amma kada a doke shi ko a ɗaure masa hannu don ya yi rubutu da hagu.

Sai dai fa, idan lanƙwasar a ƙafa ɗaya ce kawai, ko tana ƙaruwa maimakon raguwa, ko yaro yana kukan ciwo, to a je a duba.

ALAMOMIN DA BA A JIRA DA SU

Sannu ba ta hana zuwa, gaskiya ne. Amma akwai inda jira ke jawo nadama. A kai yaro asibiti idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ya kai wata 4 wuyansa bai fara tsayawa ba.
2. Ya kai wata 9 ba ya zama shi kaɗai.
3. Ya kai wata 18 bai fara tafiya ba.
4. Jikinsa ya saki kamar tsumma, ko ya sandare, ko ƙafafunsa suna harɗewa kamar almakashi in an ɗaga shi.
5. Bai kai shekara ɗaya ba amma hannu ɗaya kawai yake amfani da shi, ɗayan a dunƙule.
6. Ya iya wani abu a da, kamar zama ko tafiya, sai ya daina.
7. Hannu ko ƙafa ta saki farat ɗaya.
8. Yana ɗingishi ko ya ƙi taka ƙafa, musamman tare da zazzaɓi ko kumburi.

Na 6 da na 7 da na 8 ba sa kwana. A tafi a ranar.

ME KE KAWO IRIN WANNAN MATSALA?

Doguwar naƙuda. Idan haihuwa ta yi wuya, jariri ya fito bai yi kuka da wuri ba, ƙwaƙwalwarsa tana iya rasa iska ta sami rauni. Daga baya sai a ga jiki ya sandare. Maganin wannan tun daga ciki ake fara shi: zuwa awo, da haihuwa a hannun ma'aikatan lafiya.

Shawara. Idan idon jariri da fatarsa suka yi rawaya a makon farko, musamman in ya ƙi kama nono ko yana yawan barci, a garzaya asibiti. Shawara mai tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa cikin 'yan kwanaki, ta bar yaro da nakasa har abada. A asibiti ana sa jariri ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada a jira sai an yi suna.

Sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai sa jijjiga. Manya daga cikinmu ba su manta annobar sanƙarau ta shekarar 1996 ba, wadda ta kama mutane fiye da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 11,000. Cikin waɗanda suka rayu akwai waɗanda ta bari da kurumta ko shanyewar jiki. Rigakafi da gidan sauro da saurin zuwa asibiti su ne kariya.

Shan inna. Kakanninmu sun ɗauka iska ce ke shanye ƙafar yaro, shi ya sa suka ba ciwon wannan suna. Yanzu an san ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki daga ƙazantar bayan gida. Rabon da a sami asalin ƙwayar a Nijeriya tun shekarar 2016 a Jihar Borno, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ita. Amma bayan haka an ci gaba da samun wani nau'inta a wuraren da yara ba su karɓi rigakafi sosai ba. Don haka kada a ɓoye yara idan masu ɗigo sun zo. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, a sanar da ma'aikacin lafiya nan da nan.

Allurar da ba a yi daidai ba. Akwai babbar jijiya da ta bi ta ɗuwawu ta sauka ƙafa. Idan wanda bai ƙware ba ya soke ta, ƙafar yaro tana iya shanyewa. Kada a miƙa yaro ga duk mai yawo da jaka ya yi masa allura.

Amosanin jini, wato sikila. Yakan fara nuna kansa da kumburin hannu da ƙafa mai zafi tun yaro yana jariri. Gwajin jini ne ke tabbatar da shi.

Murɗaɗɗiyar ƙafa. Wajen jariri 1 cikin 1,000 ana haifarsa da tafin ƙafa a murɗe ciki. Wannan yana gyaruwa. Wani likita mai suna Ignacio Ponseti, wanda ya yi aiki a Amurka, ya fito da hanyar gyara ta a hankali. Ana ɗan miƙe ƙafar a sa filasta, a sake kowane mako, kamar sau 5 zuwa 8. Daga nan yaro ya riƙa sa wani takalmi na musamman, yawanci da dare, har ya kai shekara 4 ko 5. An fi samun nasara idan aka fara a makonnin farko bayan haihuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

INA ZA A JE?

A fara da asibitin da ya fi kusa, ko a Sara kuke ko Basirka ko Fagam ko Kila, ko Wurno ko Kantoga ko Sundimina. A tafi da katin rigakafin yaro. A gaya wa ma'aikaci komai: yadda haihuwa ta kasance, ko ya yi shawara, ko ya taɓa jijjiga, da watan da ya fara zama. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku gaba, zuwa Babban Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, ko Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Masu aikin gashi za su koya wa uwa yadda za ta riƙa motsa gaɓoɓin yaro a gida, da yadda za ta zaunar da shi ta ba shi abinci. Ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro tana saurin koyo, shi ya sa aikin da aka fara da wuri ya fi amfani.

KIRA GA MAZA

Uwa ce ke fara lura, amma sau da yawa izni da kuɗin mota suna hannun maigida. Idan matarka ta ce ba ta gane wa jikin yaro ba, ka saurare ta. Kada ka ce sai bayan girbi. A yi addu'a, a kuma nemi magani, duka biyun umarni ne na addini.

Idan kuwa Allah ya ba ku yaro mai nakasa, amana ce. Kada a kira shi ɗan ruwa, kada a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki, kada a ɗora wa uwarsa ko kishiyarta laifi. A fito da shi cikin 'yan uwansa, a yi masa wasa, in lokaci ya yi a sa shi makaranta. Tun watan Janairu na shekarar 2019 aka sa hannu a kan dokar ƙasa da ta hana nuna wa masu nakasa wariya. Da yawa daga cikin irin waɗannan yara hankalinsu garau yake, jiki ne kawai ya gaza.

Ɗalibanmu, ga aikin gida. Kowa ya sami ɗan littafi ya rubuta ranar haihuwar yaronsa, da watan da wuyansa ya tsaya, da watan da ya zauna, da watan da ya taka. Ranar da ma'aikacin lafiya ya tambaya, ba sai an tsaya lissafi da Sallah ko damina ba. A kuma karanta wa maƙwabta da ba su shiga aji ba alamomin nan guda takwas.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su lafiya mai amfani. Amin. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.